Aldabra

Aldabra tarin tsibiran murjani ne da ke yammacin tekun Indiya, ƙarƙashin ikon ƙasar Seshel. An fi saninsa da manyan kunkuru na tudu, waɗanda ake ƙiyasta yawansu da kimanin 100,000, adadin da babu wani wuri a duniya da ya tara irinsa. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin wuraren gadon duniya a 1982, jerin da yankin Ayar da Tenere ya shiga a 1991, gandun dajin W na Nijar kuma a 1996. Babu gari ko ƙauye a Aldabra. Masu zama can ƴan tsiraru ne, masu gadi da masu bincike, kuma ba kasafai yawansu yake wuce ashirin ba.

Wuri da siffa

Tsakanin Aldabra da Mahe, babban tsibirin Seshel inda fadar gwamnati take, akwai fiye da kilomita 1,100 na ruwa, wato tazarar da ta zarce ta Yamai zuwa Damagaram a kan hanyar mota. Ya fi kusa da Madagaska, wadda ke kimanin kilomita 420 daga kudu maso gabas, da kuma gaɓar Tanzaniya daga yamma. Tsawonsa ya kai wajen kilomita 34, faɗinsa kimanin 14, busasshiyar ƙasarsa kuwa murabba'in kilomita 155 ce, abin da ya sa ake lissafa shi na biyu a girma cikin tsibiran murjani masu siffar zobe, bayan Kiritimati na tekun Fasifik.

Manyan tsibirai huɗu ne suka haɗa zoben: Grande Terre, wanda ya fi sauran girma kuma ya mamaye kudu da gabas, sai Malabar da Polymnie a arewa, sai Picard a yamma, inda tashar bincike take. A tsakiyarsu akwai wani makeken tabki na ruwan gishiri, marar zurfi, wanda teku ke cika shi tana kuma janye ruwansa sau biyu a yini ta wasu ƴan mashigai. Idan ruwa ya janye, galibin tabkin yakan zama fili na yashi da taɓo, idan kuma ya dawo, yakan shigo da ƙarfin da ƙaramin jirgin ruwa ba ya iya yi masa gardama.

Ƙasar kanta tsohon murjani ne da ya daskare ya zama dutse, ya ɗago sama da ruwa da kimanin mita 8, sai dai tuddan yashi na gaɓar kudu sun fi haka tsawo. Ruwan sama da igiyar teku sun daɗe suna cin dutsen, suka bar shi da ramuka da tsinaye masu kaifin da ke yanka takalmi, ballantana ƙafa. A cikin tabkin akwai ɗaruruwan ƙananan duwatsu da ruwa ya zaizaye gindinsu ya bar kansu da faɗi, kamar rumbun da aka ɗora a kan turke ɗaya, kowanne da ɗan kurminsa a bisa. A wasu sassan Grande Terre dutsen shimfiɗaɗɗe ne, yana riƙe ruwan sama a ƙananan kwarurruka, kuma can ne kunkuru suka fi taruwa.

Yanayi

Damina takan faɗo daga Nuwamba zuwa Afrilu, sannan iskar kudu maso gabas ta kawo rani daga Mayu zuwa Oktoba. Ruwan da ake samu a shekara yana kusa da milimita 1,000, fiye da ninki biyu na abin da Tawa ke samu, amma dutsen ba ya riƙe shi, don haka babu kogi ko ƙorama, kuma ruwan sha kullum abin tattali ne.

Tarihi

Ana kyautata zaton cewa matuƙan jiragen Larabawa da na Waswahili sun san wurin tun kafin zuwan Turawa, kuma mafi yawan masana na ganin sunan daga Larabci ya samo asali, ko da yake an yi saɓani kan kalmar da ya fito daga gare ta. Tsibirin ya fara bayyana a taswirorin Fotigal wajen farkon ƙarni na 16. Jiragen Faransa sun riƙa yada zango can a ƙarni na 18, lokacin da ake ɗaukar sa a matsayin wani yanki na mulkin Faransa a tekun Indiya, kafin ya koma hannun Ingila tare da Seshel bayan yaƙe-yaƙen Napoleyon, bisa yarjejeniyar Paris ta 1814.

A wancan zamani kunkuru guzuri ne ga matuƙan jirgi, domin ana iya jibge shi a cikin jirgi ya yi watanni da rai ba ci ba sha, a yanka shi ranar da ake bukatar nama. Ta haka aka ƙarar da manyan kunkuru na tsibiran Moris da Reyiniyon da Rodirigis da ke gabas da Madagaska, har ba a bar ko ɗaya ba kafin tsakiyar ƙarni na 19. Na Aldabra ma an kwashe su da yawa, har aka kai lokacin da mai nema sai ya yi kwanaki yana yawo kafin ya ga ɗaya. Abin da ya hana su ƙarewa shi ne wahalar wurin: babu tashar da babban jirgi zai tsaya cikin aminci, babu ruwan sha, ga dutse mai yanka, ga sarƙaƙƙiyar kurmi da mutum ba ya ratsawa sai da adda. A 1874, da aka ji ana shirin ba da hayar tsibirin ga masu saran itace, wasu malaman kimiyya na Ingila, cikinsu har da Charles Darwin da Albert Günther, suka rubuta wa gwamnan Moris, wanda Aldabra ke ƙarƙashinsa a lokacin, takardar roƙo a kare kunkurun. Ana yawan ambaton wannan takarda cikin yunƙurin farko-farko da aka yi a duniya na kare wata dabba daga ƙarewa. An dai ci gaba da ba da hayar daga wajen 1888, kuma ma'aikata kaɗan suka zauna a Picard suna kama kunkurun teku, suna busar da kifi, suna saran itatuwan bakin ruwa, har zuwa tsakiyar ƙarni na 20. Jacques Cousteau, Bafaranshen nan mai binciken ƙarƙashin teku, ya kai ziyara da jirginsa Calypso a 1954, kuma ya taimaka wajen sanar da duniya wurin.

Babbar barazana ta zo ne a 1965, lokacin da Ingila ta cire Aldabra da Farquhar da Desroches daga Seshel, ta haɗa su da tsibiran Chagos ta kafa wani sabon yanki na mallakarta a tekun Indiya. Manufar ita ce a gina sansanin jiragen saman yaƙi da Ingila da Amurka za su yi amfani da shi, da tashar jiragen ruwa, da tashar maimaita shirye-shiryen rediyo. Da an yi hakan, da sai an share kurmin, an kuma kori dubban tsuntsayen teku don kada su riƙa karo da jirage. Ƙungiyar masana kimiyya ta Royal Society da ke Landan da cibiyar Smithsonian ta Amurka suka tashi tsaye, aka tura masana irin su David Stoddart su rubuta abin da ke wurin, ɗan majalisa Tam Dalyell kuma ya dami gwamnati da tambayoyi a zauren majalisa. A Nuwamban 1967 gwamnatin firayim ministan Ingila Harold Wilson ta karya darajar fam, ta rage kuɗin da take kashewa kan tsaro, aikin Aldabra ya bi ruwa. Har yau ana muhawara kan wanne ya fi tasiri tsakanin ƙorafin masana da ƙarancin kuɗi, amma jerin kwanakin ya fi goyon bayan na biyun. Sansanin kuwa an gina shi daga baya a Diego Garcia, ɗaya daga cikin tsibiran Chagos, bayan an kwashe mutanen Chagos daga gidajensu.

Royal Society ta buɗe tashar bincike a Picard a farkon shekarun 1970. An maido da Aldabra ga Seshel ranar da ta sami ƴancin kai a 1976, sannan a 1979 aka kafa gidauniyar Seychelles Islands Foundation, wadda take kula da wurin har yanzu. Wani kaso mai yawa na kuɗin aikin yana fitowa ne daga abin da baƙi ke biya a ƙofar kurmin Vallée de Mai na tsibirin Praslin, wanda shi ma gidauniyar ce ke riƙe da shi. An sa Aldabra cikin jerin Ramsar, wato jerin dausayin duniya masu muhimmanci, a 2010.

Kunkuru

Namijin kunkurun Aldabra yana iya kai kilo 250, ɓawonsa ya wuce mita ɗaya a tsawo, mace kuwa ba ta kai haka ba. Babban kunkurun Sahel da aka sani a Nijar, wanda shi ne mafi girma a ɓangaren nahiyar Afirka, ba kasafai yake kai kilo 100 ba. Suna daɗewa ƙwarai, fiye da shekara ɗari, sai dai shekarun da ake jingina wa wasu da ke gidajen namun daji suna da wuyar tabbatarwa.

A Aldabra kunkuru ne ke matsayin da shanu da awaki suke da shi a wasu wurare, wato shi ne babban mai kiwo. Inda suka yi yawa sun aske ciyawa har ta zama gajeriyar shimfiɗa mai haɗe da tsirrai iri-iri, waɗanda wasunsu suka koma fitar da iri daga ƙasa-ƙasa inda baki ba ya kaiwa. Suna kiwo da sassafe da yamma, da rana kuwa dole su nemi inuwa, domin wanda zafi ya riska a fili yakan mutu, kuma akan ga gommansu cunkushe ƙarƙashin itace ɗaya ko cikin kogo. Suna iya zuƙar ruwa ta hanci daga ƴar kwatar da ba ta isa a tsoma baki ba. Masu bincike sun lura cewa a Grande Terre, inda cunkoso ya yi yawa, kunkuru sun fi ƙanƙanta kuma mace ba ta yin ƙwai da yawa, alhali a Malabar, inda abinci ya wadata, sun fi girma da yawan ƙwai. Ba su iya iyo sosai ba amma suna yawo a kan ruwa, kuma a Disamban 2004 an tsinci ɗaya da rai a gaɓar Kimbiji ta Tanzaniya, jikinsa manne da ƙananan halittun teku. An kai wasu Moris da Rodirigis don su maye gurbin waɗanda suka ƙare.

Tsuntsaye

Tsuntsun da ya fi jan hankalin masana wani ne mai kama da kazar ruwa, mai farin maƙogwaro, wanda shi kaɗai ya rage cikin tsuntsayen tsibiran yammacin tekun Indiya da ba sa tashi. Wani bincike da aka buga a 2019 ya nuna cewa teku ta taɓa shanye Aldabra baki ɗaya kimanin shekaru 136,000 da suka wuce, ta hallaka irinsa na farko, sannan bayan ƙasa ta sake fitowa danginsa masu tashi suka dawo daga Madagaska, suka sake rasa tashi a karo na biyu. Kyanwoyi sun ƙarar da shi a wasu tsibiran, aka maido da shi Picard a 1999.

A cikin itatuwan bakin tabki dubban tsuntsayen firigat iri biyu suke sheƙa, waɗanda namijinsu ke hura jar jaka a wuya lokacin neman mace, kuma sun shahara da ƙwace kifi daga bakin wasu tsuntsaye a sararin sama. Akwai jinjimi irin na Madagaska, da zalɓe iri-iri, da ƴan filamingo kaɗan. Wani ƙaramin tsuntsun kurmi da aka gano a Malabar a 1967 ba a sake ganinsa ba tun 1983, kuma an ayyana shi cikin waɗanda suka ƙare.

Sauran halittu

An hana kama koren kunkurun teku a 1968, kuma tun daga lokacin yawan matan da ke fitowa yin ƙwai a yashin gaɓa ya ninka sau da dama. Ƙaguwar kwakwa, wadda ta fi kowace ƙaguwar tudu girma, tana nan da yawa. A cikin tabki akwai ƙananan kifayen shak da kuma dugon, ɗan uwan ayu na kogin Kwara. Akwai jemage mai cin ƴaƴan itace da babu shi ko'ina sai nan. Wata katantanwa mai zane da aka ce ta ƙare a 2007 an sake ganin ta a 2014.

Matsaloli

An gama kawar da awakin da mutane suka shigo da su a 2012, amma ɓeraye da kyanwoyi suna nan. Ɗumamar ruwan teku ta lalata murjani a 1998 da 2016. Igiyar ruwa tana jibge shara a gaɓar kudu, kuma a 2019 wata tawagar ƴan Seshel da ɗaliban jami'ar Oxford ta kwashe tan 25 cikin mako biyar, har da dubban takalman silifa, ta kuma ƙiyasta cewa fiye da tan 500 sun rage, galibinsu ragar kamun kifi da igiyoyi. Shirye-shiryen gine-gine a tsibirin Assomption da ke kusa, na soja da na masaukin baƙi, sun jawo gardama a Seshel, inda masu adawa ke tsoron shigowar baƙin ƙwari da dabbobi, gwamnati kuma ta kafa hujja da bukatar tsaro da kuɗin shiga.

Ziyara

Babu filin jirgin sama a Aldabra. Ana zuwa ne ta jirgin ruwa, ko a sauka a Assomption a ƙarasa ta ruwa, kuma sai da izinin gidauniyar da ke kula da wurin.