Kyautar Independent Spirit

Independent Spirit kyauta ce ta shekara-shekara da ƙungiyar Film Independent, mai mazauni a Los Angeles, take bai wa finafinan Amurka da aka shirya da ƙaramin jari. An assasa kyautar a 1984 da sunan FINDIE, aka canza mata suna zuwa na yanzu a 1986. Shekaru da dama ana yin bikin ne da rana cikin wani katafaren tanti a bakin tekun Santa Monica, sau da yawa jajiberin bikin Oscar.

Ginshiƙin kyautar shi ne iyakar kasafin kuɗi. An daɗe ana tsayawa a dala miliyan 20, aka ɗaga zuwa miliyan 22.5, sannan a 2022 aka kai shi miliyan 30. Fim ɗin da ya haura wannan iyaka ba ya shiga takara, kome kyawunsa. Akwai kuma rukunin masu ƙaramin ƙarfi mai ɗauke da sunan John Cassavetes, wani daraktan fim na Amurka, wanda a da sai fim ɗin da bai kai dala 500,000 ba, yanzu kuwa dala miliyan 1. A nan ana yawan ganin sababbin daraktoci, kuma wannan rukuni ne ya fi riƙe manufar farko.

Matakin zaɓe biyu ne. Kwamitoci na masu sana'ar, wato daraktoci da marubuta da masu sharhin fim, su ke tace sunayen 'yan takara. Daga nan mambobin ƙungiyar su jefa ƙuri'a. Duk wanda ya biya kuɗin rajista yana iya zama mamba. An ƙara rukunin talabijin a 2021, kuma tun bikin 2023 ba a raba kyautar 'yan wasa tsakanin maza da mata.

Sai dai akwai matsalar da take ɓullowa a mataki na biyu. Mai zaɓe ya fi saka ƙuri'arsa kan fim ɗin da ya gani, kuma wanda ya fi yawo shi ne mai kuɗin talla a bayansa. Shi ya sa rassan manyan kamfanoni, irin su Searchlight na Disney da Focus Features na Universal, suke yawan yin rinjaye, ana kuma samun fim guda ya lashe nan da Oscar a shekara ɗaya, kamar yadda Moonlight ya yi a 2017 da Nomadland a 2021.