Mene ne CBD, man da ake sayarwa a Landan ake ɗaure mutum a kansa a Jidda?

Kwanan baya na je gaida gwaggona a Shara Mansur, na tarar ta miƙe ƙafa tana murza gwiwa, ciwon da ya taso mata tun umrar azumi. Ta miƙo min waya ta ce, "Ɗan nan, duba min abin da yayanka ya turo daga Landan. Wai man CBD ne, zai ba wani mai tahowa ya kawo min." Na ga hoton 'yar kwalba mai tambarin ganye. Na ce, "Gwaggo, don Allah ki ce masa kada ya soma." Ba a yi mako ba sai ga haruffan nan uku a wani zauren WhatsApp na 'yan unguwa, wannan karon ana kiran mutane su zuba riyal ɗinsu a kamfanin da ke yin man.

CBD taƙaitawa ce ta kanabidiyol, ɗaya daga cikin sinadarai fiye da 100 da ke jikin tsiron wiwi. Wanda ke bugarwa sunansa THC. Shi CBD ba ya sa maye, kuma a kan wannan gaɓa masu talla suke kafa hujja. Akwai irin wiwin da ake nomawa don zare da iri, kamar yadda ake noma rama don igiya, Turawa na ce masa hem. Dangi ɗaya ne da wiwin da ake sha, sai dai THC ɗinsa kaɗan ne. To nawa ne kaɗan? Nan gwamnati take shigowa da ma'auninta.

A watan Disamban 2018 Donald Trump ya sa hannu a dokar noma ta Amurka, wadda ta ce duk tsiron da THC ɗinsa bai wuce kashi 0.3 cikin 100 na busasshen nauyinsa ba, hem ne, a noma shi a sayar. Wato a kilo guda kada a sami fiye da giram 3. Ya ɗara haka, ya koma wiwi a idon hukuma.

Ai kuwa sai aka yi rububi. Manoma a Kentaki, Kolorado da Oregon suka cika gonaki, kamfanoni suka shiga kasuwar hannun jari, aka sa CBD a alewa, a man shafawa, har a abincin karnuka. Kafin 2020 kaya ya yi wa kasuwa yawa, farashi ya rushe. Abin da masu jari ba su lissafa da shi ba shi ne hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA. Tun a watan Yunin 2018 ta amince da Epidiolex, maganin da aka yi da CBD don wasu nau'o'in farfaɗiya masu tsanani da ke kama yara. A ƙa'idarta, sinadarin da ya riga ya zama magani ba a zuba shi a abinci. Manyan kamfanonin lemo da na abinci, waɗanda ake jira su saye kayan, suka noƙe. A Janairun 2023 hukumar ta ce dokokin da ke hannunta ba su dace da CBD ba, sai majalisa ta yi sababbi. Hannun jarin Charlotte's Web, ɗaya daga cikin fitattun kamfanonin harkar, ya faɗi da fiye da kashi 90 cikin 100 daga inda ya kai a 2019. Waɗanda suka ci riba sosai su ne masu bin doguwar hanyar gwajin magani: a 2021 Jazz Pharmaceuticals ya sayi kamfanin da ke yin Epidiolex a kan kimanin dala biliyan 7.2.

Ma'aunin ma bai zauna wuri ɗaya ba. A Nuwamban 2025 majalisar Amurka ta sake fassara hem, ta ƙayyade THC a miligiram 0.4 a kowace kwalba ko fakiti, ta ba da wa'adin shekara guda. Birtaniya ta rage adadin CBD da take ba da shawarar sha a rana daga miligiram 70 zuwa 10 a 2023. A shekarar ce Hon Kon ta hana shi kwata-kwata. Shi ya sa nake ganin mai sa kuɗi a CBD caca yake yi da alƙalamin 'yan majalisa, don layi ɗaya a doka kan mai da kayan da ke cike da sito shara.

A nan Saudiyya kuwa babu zancen 0.3. Abin da aka tatso daga wiwi yana cikin kayan da aka hana, hukuncin fataucin miyagun ƙwayoyi kuma yana kaiwa har kisa. Ga shi yawancin kwalaben nan na ɗauke da ɓurɓushin THC, wani lokaci fiye da abin da aka rubuta a jiki. Mu da muka san yadda ake gargaɗin alhazai a kan goro ma, bai kamata a yi mana dogon bayani ba. A Dubai, a 2021, an yanke wa wani matashi ɗan Birtaniya shekara 25 saboda man CBD da aka samu a motarsa, daga baya aka rage zuwa 10. Kuma a kwastan ɗin Jidda wanda aka samu da jaka shi ke amsa tambaya, mai aiken yana can Landan yana shan shayi.

A zauren WhatsApp na tambayi mai tallan wace ƙasa kamfanin yake da rajista, kuma wace hukuma ta ba shi lasisi. Ya turo min hoton gona. Gwaggo kuwa ta kira yayana a gabana, ta ce ya riƙe kwalbarsa, ya turo kuɗin ganin likitan ƙashi.