Najeriya a Shekarar 1966

A shekarar 1966 ne Jamhuriya ta Farko ta rushe a Najeriya. Cikin wata 12 ƙasar ta ga juyin mulki sau biyu da shugabannin gwamnati uku, ta kuma ga kashe-kashen da suka kai ta ga yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970.

Shekarar ta kama ne ana cikin tarzoma a Yankin Yamma, bayan zaɓen Oktoban 1965 da aka zargi gwamnatin Samuel Akintola da tafka maguɗi a cikinsa. Duk da haka, a ranakun 11 da 12 ga Janairu Legas ta karɓi baƙuncin taron shugabannin ƙasashe renon Ingila kan rikicin Rodeshiya, wato Zimbabwe ta yanzu. Da asubahin 15 ga Janairu, baƙin sun gama watsewa ke nan, wasu manjojin soja suka tashi da makamai. A Kaduna, Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu ya jagoranci harin da aka kai gidan Firimiyan Arewa, Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, aka kashe shi tare da matarsa Hafsatu. A Ibadan aka kashe Akintola. A Legas aka ɗauke Firayim Minista Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa da ministan kuɗi Festus Okotie-Eboh. Sai bayan kwanaki aka tsinci gawar Ɓalewa a gefen hanyar Abeokuta, aka kai shi Bauchi aka yi masa sutura. Manyan hafsoshin da aka rasa sun haɗa da Birgediya Zakariya Maimalari, Birgediya Samuel Ademulegun, Kanar Kur Mohammed, da Laftanar Kanar Abogo Largema da James Pam.

Manjojin ba su samu mulkin ba. Manjo Janar Johnson Aguiyi-Ironsi, babban kwamandan sojan ƙasar, ne ya karɓi ragama a 16 ga Janairu, ya dakatar da majalisu, ya naɗa gwamnonin soja: Hassan Usman Katsina a Arewa, Odumegwu Ojukwu a Gabas, Adekunle Fajuyi a Yamma, David Ejoor a Yamma ta Tsakiya. A Fabrairu Isaac Boro ya ayyana ɓallewar yankin Neja Delta, amma cikin kwana 12 aka murƙushe shi.

Abin da ya fi cin ran 'yan Arewa shi ne yadda akasarin manjojin 'yan ƙabilar Ibo ne, manyan 'yan siyasar Gabas kuma ba a taɓa ko ɗaya ba. An tsare masu juyin mulkin, amma wata ya bi wata ba a gurfanar da su gaban shari'a ba. Wannan sakaci ya yi wa Ironsi illa matuƙa, domin ya bar mutane da zargin cewa jinin da aka zubar ba shi da mai bin kadinsa. A kan wannan ciwo ne ya fitar da Doka ta 34 a ranar 24 ga Mayu, wadda ta soke tsarin tarayya, ta kuma haɗe aikin gwamnati wuri ɗaya. Arewa, da take baya a ilimin boko, ta ɗauki dokar a matsayin shirin mamaye guraben aikinta. Kafin watan ya ƙare zanga-zanga ta ɓarke a Kano, Zariya da wasu garuruwa da kiran "a raba", aka kashe Ibo da dama.

Daren 28 ga Yuli wayewar 29, sojoji 'yan Arewa suka yi bore a barikin Abeokuta, ya bazu zuwa Ikeja, Ibadan da Kaduna. Laftanar Kanar Murtala Muhammad na cikin jagororin. An kashe Ironsi a Ibadan tare da mai masaukinsa Fajuyi, da hafsoshi da ƙananan sojoji 'yan Gabas masu yawa. Kwana uku ƙasar ba ta da shugaba, sai a 1 ga Agusta Laftanar Kanar Yakubu Gowon, mai shekara 31, ya hau mulki. Ya saki Obafemi Awolowo daga kurkuku, ya soke Doka ta 34. Ojukwu ya ƙi amincewa da shi, yana mai cewa akwai waɗanda suka girme Gowon a aikin soja.

Gowon ya buɗe taron tsarin mulki a Legas ranar 12 ga Satumba. Wakilan Arewa sun fara da neman kowane yanki ya ci gashin kansa, daga baya suka koma goyon bayan tarayya mai ƙarin jihohi. Taron bai kai ko'ina ba, saboda daga ƙarshen Satumba zuwa Oktoba an yi wa 'yan Gabas mazauna Arewa kisan gilla a Kano, Jos, Makurɗi da wasu garuruwa, har da sa hannun sojoji. 'Yan kasuwa ne da ma'aikatan jirgin ƙasa da iyalansu, ba su da hannu a abin da ya faru a Janairu. Ƙiyasin waɗanda suka mutu ya kama daga 8,000 zuwa 30,000, fiye da mutum miliyan ɗaya kuma suka gudu Gabas. Ojukwu ya umarci waɗanda ba 'yan yankinsa ba su fice, ya kuma daina halartar taron majalisar ƙoli ta soja. Sai a Janairun 1967 shi da Gowon suka zauna tebur ɗaya, a garin Aburi na ƙasar Ghana.