Waiwaye: Korona da Tsohon Mikin Ɗakin Haihuwa a Amurka

A Afrilun 2020, da birnin Chicago ya fitar da alƙaluman korona, sai aka ga baƙar fata, waɗanda ba su wuce kashi 30 cikin 100 na mazauna birnin ba, su ne kusan kashi 70 na mamatan. Baƙar fata da yawa direbobin bas ne, masu shara a asibiti, masu jiran kanti, sana'o'in da ba a yi daga gida.

Ɗakin haihuwa ma bai tsira ba. A 2019, cikin kowace haihuwa 100,000, mata baƙar fata 44 ne ke rasuwa, in ji CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka. Zuwa 2021 adadin ya kai 69.9, na fararen mata kuwa 26.6.

Sai dai korona miki ta tarar, ta fama shi. A shekarun 1840, a Montgomery ta jihar Alabama, likita J. Marion Sims ya ƙware a aikin yoyon fitsari ne a jikin bayi mata, Anarcha da Lucy da Betsey, ba tare da maganin kashe zafi ba. Mu da muka san matan da ke jiran wannan aiki a Babbar Ruga ta Katsina, ba sai an faɗa mana azabar ba. Mutum-mutumin Sims kuwa ya ci gaba da tsayuwa a New York har 2018.

A 1961 Fannie Lou Hamer, baƙar fata da daga baya ta shahara a gwagwarmayar 'yancin baƙar fata, ta je asibiti a Mississippi a cire mata ƙari, aka cire mata mahaifa ba da saninta ba. A 1973, a Montgomery ɗin nan dai, aka yi wa 'yan'uwa mata biyu baƙar fata na gidan Relf, masu shekara 12 da 14, aikin da ya hana su haihuwa har abada.

Shi ya sa a 1994 wasu mata baƙar fata suka taru a Chicago suka ce muhawarar zubar da ciki ba ta ɗauke damuwarsu ba. Suna so mace ta haihu in ta so, ta ƙi in ta so, ta kuma raini ɗanta cikin aminci. Wannan suka kira adalcin haihuwa.

Sauyin da aka samu ɗan kaɗan ne. A da, inshorar talakawa ta Medicaid kwana 60 take kula da mai jego. Dokar 2021 ta ba jihohi damar kai shi wata 12, in sun ga dama.