Matsalolin CSS a tsarin shafin intanet da sauƙin amfani ga kowa

CSS harshe ne da ake rubuta kamannin shafin intanet da shi: launi, girman rubutu, tazara, da wurin da kowane abu zai zauna a kan allo. HTML ke ɗauke da ƙunshiya da tsari, wato wannan kanu ne, wancan sakin layi, wancan maɓalli, CSS kuma ya faɗi yadda za su fito. Håkon Wium Lie ne ya fara gabatar da shi a 1994 lokacin yana aiki a cibiyar CERN, daga baya suka haɗa hannu da Bert Bos. Hukumar W3C, mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet, ta fitar da matakin farko a Disamba 1996, na biyu a 1998, sai gyararren CSS 2.1 a 2011. Tun daga nan aka rarraba harshen kashi-kashi, kowane kashi na ci gaba da kansa.

Galibin matsalolin da ake samu tushensu ɗaya ne. Mai tsara shafi yana aiki a kan allonsa, da idonsa lafiyayye da linzamin kwamfuta a hannu, sai ya ɗauka haka kowa zai ga shafin. Alhali wani a ƙaramar waya zai buɗe, wani ya ninka girman rubutu, wani madannai kawai yake iya dannawa, wani kuma ba ya ganin allon kwata-kwata, manhaja ce ke karanta masa. Duk ma'aunin da aka ƙayyade ba tare da an bar wurin sassauci ba, a hannun ɗaya daga cikinsu zai karye.

Lissafin akwati

A wurin burauza kowane abu akwati ne mai hawa huɗu: ƙunshiya a tsakiya, sai tazarar ciki wato padding, sai iyaka wato border, sai tazarar waje wato margin. A ƙa'idar asali, faɗin da aka rubuta na ƙunshiya ne kaɗai. Akwatin da aka ba faɗin fiksel 300, tazarar ciki 20, da iyaka 2, a kan allo fiksel 344 zai ci, domin ana ƙara 22 ta hagu da 22 ta dama. Shi ya sa ginshiƙai biyu masu kashi 50 cikin ɗari kowanne sukan ƙi zama a jere da zarar an sa musu tazarar ciki, na biyun ya faɗo ƙasa. Maganin layi ɗaya ne, box-sizing: border-box, wanda ke sa faɗin ya haɗa har da tazarar ciki da iyaka. Yawancin masu tsara shafi a kan dukan abubuwan shafin suke ɗora shi tun daga farkon fayil.

Tazarar waje tana da nata halin. Idan akwati na sama yana da tazarar 30 a ƙasansa, na ƙasa yana da 20 a samansa, abin da zai fito tsakaninsu 30 ne, ba 50 ba: biyun sun haɗe, babbar ta rinjaya. Wannan ba kuskuren burauza ba ne, haka aka tsara shi don sakin layi su samu tazara daidai. Yana faruwa ne tsakanin sama da ƙasa kawai, ba ya faruwa a gefe, kuma ba ya faruwa tsakanin 'ya'yan akwatin flex ko grid, wato akwatunan da ke cikin uwar akwatin da aka jera da ɗaya daga waɗannan hanyoyin jeri biyu. Inda ya fi rikita mutane shi ne idan tazarar ɗan fari ta tsallake uwar akwatin ta fita waje, sai a ga dukan sashen ya sauko maimakon kanun da ke ciki kawai.

Tsofaffin shafuka da aka jera da float, dokar da ke tura abu hagu ko dama, suna fama da wata cuta ta daban. Abin da aka sa wa float ba ya shiga lissafin tsayin uwarsa, don haka idan dukan 'ya'yan masu float ne, uwar takan shafe ta koma tsayi sifili, launin bayanta ya ɓace, rubutun ƙasa ya hau sama. An daɗe ana toshe wannan da dabaru iri-iri, yanzu display: flow-root a kan uwar ya wadatar.

Abin da ya ƙi matsewa

Flex da grid sun kawar da yawancin wahalar jera ginshiƙai. Grid ya shiga Firefox, Chrome da Safari a wata guda, Maris 2017. Sai dai flex da grid sun zo da tarkon da kusan kowa ke faɗawa. Ɗan akwatin flex ba ya yarda ya matse ƙasa da faɗin abin da ke cikinsa, domin ƙimar asali ta min-width a wurinsa auto ce. Adireshin intanet guda mai tsawo, ko jadawali mai faɗi, ya isa ya ture ginshiƙin ya wuce bakin allo, shafin ya fara jan gefe. Ana gyarawa da min-width: 0 a kan ɗan, a ƙara overflow-wrap: anywhere don dogayen kalmomi su karye. A grid ma haka abin yake da ma'aunin 1fr, wanda mafi ƙarancinsa auto ne; minmax(0, 1fr) ke hana shi kumbura. Hotuna kuwa a ba su max-width: 100% da height: auto, kuma a rubuta faɗinsu da tsayinsu a HTML domin burauza ta tanadi gurbinsu kafin su sauko. In ba haka ba, rubutu zai yi ta tsalle yayin da hotuna ke shigowa, mutum ya kai yatsa zai danna abu ɗaya ya danna wani.

Mutane da yawa idan suka ga jan gefe sai su rufe shi da overflow: hidden a kan dukan shafi. Wannan ɓoye ciwo ne: abin da ya fita waje yana nan, sai dai yanzu ba hanyar isa gare shi. Ƙari a kan haka, overflow a kan wata uwa ta sama yakan hana position: sticky, mai manne abu a allo yayin gangarawa, aiki ba tare da wata alama ba.

Wane ne a sama

Ana yawan ganin z-index: 9999 a fayilolin salo, kuma alama ce ta wanda ya rasa gane dalilin da jerin zaɓinsa ke shigewa ƙarƙashin wani abu. Lambar z-index, wadda ke nuna abin da zai hau kan wani, tana gasa ne kawai da 'yan uwanta da ke cikin rukunin hawa ɗaya. Idan uwa ta kafa nata rukunin tana hawa na 1, duk 'ya'yanta ba za su wuce maƙwabciyarta mai hawa na 2 ba, komai girman lambarsu. Abubuwan da ke kafa sabon rukuni suna da yawa, wasunsu ba a zato: opacity ƙasa da 1, transform, filter, position: fixed. Shi transform har wani aiki yake ƙarawa, domin ɗa mai position: fixed da ke cikinsa yakan daina manne wa allo ya koma manne wa uwar. Gyaran shi ne a bi sama a gano uwar da ta kafa rukunin, ba a ƙara sifili ba.

A waya, height: 100vh, wato cikakken tsayin allo, ya fi abin da ido ke gani tsawo muddin sandar adireshi tana bayyane, sai maɓallin da aka ajiye a ƙasa ya shige bayanta. Daga 2022 manyan burauzoji sun karɓi svh, lvh da dvh: ƙaramin tsayi, babba, da mai sauyawa. A kwamfuta kuma 100vw, wato cikakken faɗin allo, yana haɗawa da faɗin sandar gangarawa, ya haifar da ɗan jan gefe.

Idan dokoki biyu suka ci karo, ba ta ƙarshe ce kullum ke nasara ba. Ana fara duba nauyin mazaɓi, wato sashen dokar da ke nuna abin da za ta shafa: id guda ya rinjayi aji, wato class, komai yawansu, aji guda ya rinjayi sunayen alamomin HTML komai yawansu. Sai nauyi ya zo ɗaya ake duba wadda ta zo daga baya. Wanda ya tsallake wannan da !important, alamar da ke tilasta doka ta rinjaya, gobe sai da wata !important zai iya gyara aikinsa.

Ma'aunin sauƙin amfani

W3C ce ke fitar da ƙa'idojin WCAG, waɗanda ke auna sauƙin amfani da shafi ga kowa: na farko a 1999, 2.0 a 2008, 2.1 a 2018, 2.2 a Oktoba 2023. Matakai uku ne, A, AA da AAA, kuma AA ne dokoki da kwangiloli suka fi nema. Sharuɗɗa da dama daga ciki a fayil ɗin salo ake cika su ko a karya su.

Girman rubutu na asali a burauza fiksel 16 ne, kuma mai raunin gani yana iya ƙara shi a saiti. Rubutun da aka auna da px ba ya bin wannan saitin, wanda aka auna da rem, wato ninkin girman rubutu na asali, yana bi. Ƙa'ida ta ce rubutu ya iya ninkuwa zuwa kashi 200 cikin ɗari ba tare da wani abu ya yanke ba, kuma shafi ya iya zama a faɗin fiksel 320 ba jan gefe, daidai da allon 1280 da aka zuƙo zuwa kashi 400. Abin da ya fi karya wannan shi ne akwati mai ƙayyadadden height: rubutu ya girma, akwati bai girma ba, layin ƙarshe ya yanke ko ya hau kan na ƙasa. Min-height ya kamata a sa. Haka nan mai karatu na da damar buɗa tazarar layi zuwa ninki 1.5 na girman harafi, kuma bai kamata shafi ya lalace ba. Hana zuƙowa a waya da user-scalable=no kuwa ba shi da hujja. Akwai kuma samfurin haruffan da ba su ƙunshi baƙaƙe irin ƙ, ɗ da ɓ ba; burauza sai ta aro su daga wani samfurin, su fito dabam a tsakiyar kalma, ko su zama ɗan akwati fanko idan babu inda za a aro.

Bambancin haske tsakanin rubutu da bayansa ana auna shi daga 1:1 zuwa 21:1, wato baƙi a kan fari. Matakin AA yana neman 4.5:1 ga rubutu na yau da kullum, 3:1 ga babban rubutu, wato fiksel 24 zuwa sama, ko kusan 19 idan mai kauri ne. Iyakar gidan cike fom da alamomin da ke ɗauke da ma'ana su ma 3:1. Ruwan toka mai lamba #767676 a kan fari ya tsallake da ƙyar, 4.54:1, #777777 ya faɗi, #999999, wanda ake yawan sa wa ƙananan bayanai, bai kai 3:1 ba. Launi kaɗai kuma ba ya isa ya isar da saƙo. Gidan fom da ya koma ja don an yi kuskure bai gaya wa mai makantar launi komai ba, sai an haɗa da rubutu ko alama. Mahaɗin da ke cikin sakin layi ma a bar masa jan layinsa.

Zoben da ake gogewa

Mai amfani da madannai yana tafiya cikin shafi da Tab, kuma zoben da ke kewaye abin da ya isa shi ne kaɗai ke nuna masa inda yake. Layin outline: none yana goge wannan zobe, kuma ana rubuta shi ne kawai don wani ya ga zoben bai yi kyau ba. Da :focus-visible ana iya tsara zobe mai kauri da zai fito wa mai madannai ba tare da ya dami mai linzami ba. Wanda ya maye gurbinsa da box-shadow ya sani cewa yanayin tilasta launuka na Windows yana cire inuwa. A haɗa da outline marar launi, wanda shi zai bayyana a can. Kanun da ke manne a saman allo ma yakan rufe abin da Tab ya isa, kuma scroll-padding-top daidai tsayin kanun ke warware shi. Jerin zaɓin da ke buɗewa da :hover kaɗai, wato idan aka ɗora linzami a kansa, ba ya buɗe wa mai madannai, a allon taɓawa ma ba tabbas.

Manhajojin karanta allo, irin su NVDA, JAWS, VoiceOver da TalkBack, jerin HTML suke bi, ba abin da ido ke gani ba. Daga nan kurakurai biyu ke fitowa. Na farko wajen ɓoyewa: display: none da visibility: hidden suna ɓoye abu ga kowa, har da manhajar, amma opacity: 0 ko ture abu gefe da transform ido kawai suke ɓoye wa. Jerin zaɓin da aka ture bayan allo yana ci gaba da karɓar Tab, mutum ya danna sau goma bai ga inda yake ba. Idan kuwa ana son rubutu ya ɓoyu ga ido ya saura wa manhaja, ana matse shi ne zuwa fiksel 1 faɗi da tsayi, da position: absolute, overflow: hidden da white-space: nowrap. Na biyu wajen jeri: order, row-reverse da sanya abu a kowane gurbin grid suna sauya abin da ake gani kawai, Tab da manhaja suna nan kan tsohon jeri, zobe ya yi ta tsalle daga ƙasa zuwa sama. Idan jerin yana da ma'ana, a HTML ake gyara shi. Rubutu mai muhimmanci kuma kada a sa shi ta ::before ko hoton bango.

Motsi yana sa wasu jiri da tashin zuciya, walƙiyar da ta wuce sau uku a daƙiƙa tana iya tayar da farfaɗiya. Tambayar prefers-reduced-motion tana gaya wa shafi cewa mai na'urar ya nemi a rage motsi. Wurin dannawa, a WCAG 2.2, kada ya gaza fiksel 24 faɗi da tsayi, sai dai in akwai isasshiyar tazara kewaye da shi.

Kayan gwaji irin Lighthouse, axe da WAVE suna kama ƙarancin bambancin launi cikin sauri, amma ba sa iya sanin ko jerin Tab yana da ma'ana. Wannan da hannu ake dubawa: a ajiye linzami a bi shafin da Tab daga sama har ƙasa, a zuƙo zuwa kashi 400 a allon 1280, a ƙara girman rubutu a saitin burauza, sannan a kashe fayil ɗin salon gaba ɗaya a karanta abin da ya rage, domin kusan a wannan jerin manhajar karanta allo za ta karanta shi.