Mata a Aikin Safiyo da Fasahar Taswira

Aikin safiyo shi ne auna ƙasa da tantance iyakokinta, da tsayin tudu da zurfin kwari, sa'an nan a mayar da abin da aka auna zuwa taswira ko takardar da hukuma da kotu za su amince da ita. A wannan zamani sana'ar ta haɗe da fannonin da ke sarrafa bayanan wurare ta kwamfuta, kamar nazarin hotunan tauraron ɗan'adam da tsarin GIS (manhajar tattara bayanan wurare da nazarinsu a kan taswira) da na'urorin GPS (masu nuna ainihin wurin da mutum yake ta hanyar tauraron ɗan'adam). Mata 'yan tsiraru ne a cikinta a yawancin ƙasashe, musamman a cikin masu lasisin sa hannu a kan taswirar fili, shi ya sa ƙungiyoyin ƙwararru da jami'o'i suke ƙoƙarin shigo da su, da kuma riƙe waɗanda suka riga suka shigo.

Tarihi

An kafa cibiyar safiyoyi ta Birtaniya, wadda yanzu ake kira RICS, a 1868, amma sai a 1922 Irene Barclay ta zama mace ta farko da ta sami shaidar ƙwarewarta, bayan dokar 1919 da ta hana a rufe wa mutum ƙofar sana'a saboda jinsinsa. Shugabancin cibiyar kuwa bai zo hannun mace ba sai a 2014, lokacin da Louise Brooke-Smith ta karɓe shi. Haka lamarin yake a tarayyar safiyoyi ta duniya, FIG, wadda aka kafa a Paris a 1878: sai a 2015 mace ta fara shugabantarta, wato Chryssy Potsiou ta ƙasar Girka, sa'an nan a taron birnin Warso na 2022 aka zaɓi Diane Dumashie ta shugabance ta.

Labarin Marie Tharp, masaniyar zanen taswira 'yar Amurka, ya fi kowanne nuna yadda aka daɗe ana raba aikin tsakanin maza da mata. A lokacin da take aiki a Jami'ar Kolombiya ta Amurka ba a yarda mata su hau jiragen ruwan bincike ba, don haka abokin aikinta Bruce Heezen ne ke fita teku ya kawo alƙaluman zurfin ruwa, ita kuma tana zaune a kan teburi da fensir da rula tana jera su ɗaya bayan ɗaya. A cikin wannan jeri ne ta lura, a farkon shekarun 1950, da wani tsagi mai zurfi da ya ratsa tsakiyar tsaunukan ƙarƙashin Tekun Atilantika. Da farko Heezen ya yi watsi da batun, daga baya ya zama ɗaya daga cikin hujjojin da suka tabbatar da cewa nahiyoyi suna motsi. Taswirarsu ta ƙasan tekunan duniya ta fito a 1977. Ita ma Gladys West, masaniyar lissafi da ta fara aiki da rundunar sojan ruwan Amurka a 1956, ta yi lissafin siffar duniya wanda aka dogara da shi wajen gina GPS, amma sai bayan shekaru masu yawa aka san da sunanta.

Cikas

Hujjar da aka saba kawowa don nisanta mata daga sana'ar ita ce aikin na ƙarfi ne. A zamanin da ake jan sarƙar awo mai ƙafa 66 cikin ƙaya da duwatsu, ana saran daji don a buɗe hanyar hange, ana iya sauraron wannan magana. Yau mutum ɗaya da na'urar GPS a kan sanda, ko ƙaramin jirgi marar matuƙi, yana gama abin da ayari guda ke kwanaki a kansa.

Babban cikas yana kan hanyar samun lasisi. Bayan digiri, sai mai neman ƙwarewa ya yi shekaru a ƙarƙashin safiyo mai rajista yana tara shaidar aikin fili, kuma shekarun nan sukan faɗa daidai lokacin aure da haihuwa. Sau da yawa shugaban ofis kan bar sabuwar ma'aikaciya a gaban kwamfuta tana zane, a ganinsa tausaya mata ya yi, alhali ya hana ta abin da hukumar rajista za ta tambaye ta. Akwai kuma ƙananan abubuwa da ba a cika rubutawa ba, irin su rashin makewayi a wurin aiki, da takalma da hular kwano da aka yi daidai jikin maza, da batun tsaro da masauki idan aiki ya kai ga kwana a daji.

Matakan tallafi

Daga cikin matakan da ake ɗauka akwai haɗa ɗaliba da ƙwararriyar da za ta ja ta a jiki, da tallafin karatu, da sassauta ƙa'ida yadda hutun haihuwa ba zai shafe shekarun horon da aka tara ba. FIG tana da rukunin aiki kan mata a sana'ar, kuma an sami ƙungiyoyi irin su Women+ in Geospatial, da GeoChicas wadda matan Latin Amurka masu aiki a kan OpenStreetMap, wato taswirar duniya ta intanet da kowa ke iya sa hannu a zanenta, suka kafa a 2016.

Alaƙa da mallakar ƙasa

Wanda ya je auna fili shi ne yake tambayar ko na wane ne, kuma amsar da ya rubuta ita ce za ta shiga rajista. A wuraren da al'ada ba ta sakar wa mace fuska ta yi magana da baƙon namiji ba, haƙƙin matar aure ko gwauruwa ko marainiya yakan salwanta tun a wannan mataki, sai fa idan akwai mace a cikin ayarin awon. A Ruwanda, tsakanin 2009 da 2013, an horar da mutanen ƙauyuka suka shata iyakokin filaye sama da miliyan 10 a kan hotunan sama, aka riƙa rubuta sunan miji da na mata tare. A wasu jihohin Habasha kuma takardar shaidar gona tana ɗauke da hotunan ma'auratan biyu.