Canza kalmomi ba ya wanke satar rubutu

Ɗalibai da yawa, musamman 'yan ajin ƙarshe masu rubuta furojet, sun ɗauka wai in ka kwafo rubutu daga intanet ka canza kalma biyu uku shikenan ya zama naka. Ina! Ra'ayin ai na mai shi ne, ko ka juya shi da bakinka ko ka fassaro shi zuwa Hausa, dole ka ambaci sunansa da shekarar da ya rubuta. Shi kuwa Turnitin ɗin da ake ta tsoro, wato manhajar da ke bincika kwafi a rubutu, kamannin jimloli yake nunawa, ƙaramin kason kamanni ba ya nufin ka kuɓuta. Sufabaiza mai karatu yana ganin turancinka ya gyaru kwatsam a babi na biyu zai gane.